Rabin Garkuwar Minason

Duk sanda na ji samarin garinmu Felika sun baje a inuwar haikali suna gardama wai garkuwarmu ba ta da amfani in mutum shi kaɗai ne a fili, sai in ji raina ya ɓaci. Mutanen da ko ƙurar yaƙi ba su taɓa shaƙa ba! Wannan ya ce ta cika nauyi, wancan ya ce faɗinta na banza ne. Ba duka ne ƙarya ba, shi ya sa ma abin ke ƙara ba ni haushi. Amma ni da idona na ga ranar da aka gwada ta, kuma wanda ya gwada ta ɗin shekara goma sha tara ina tsayawa a hagunsa. Sunansa Minason ɗan Telesiyas. Ni kuwa Korudos ne mai awaki, wanda aka sani da surutu.

Minason manomi ne. Yana da gonar sha'ir a gangaren arewa, da ɓaure huɗu, da rijiyar da kakansa ya haƙa. Dogo ne mai ɗan rankwafawa, ya girme ni da shekara biyar, shi ya sa nake ce masa Yaya. Magana kuwa sai ka ce sayar masa da ita ake yi. Ranar da ya je neman auren Nikaso, wuni ya yi a tsakar gidan ubanta bai ce uffan ba. Da la'asar ta yi sai ya ɗaga kai ya ce, "Rufin nan yana yoyo." Ya hau ya gyara, ya sauko, ya tafi gida. Uban ya ce ya gane, kuma ya yarda. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, ba namiji.

Garkuwarsa gado ce daga ubansa. Itace ne aka fafe kamar ƙaton akushi, aka lulluɓe bayansa da tagulla, aka shimfiɗa fata a ciki. Kowa a cikinmu yana da zane a kan tasa, mai zaki, mai maciji, mai zakara. Tasa an ce wai aladen daji aka zana mata tun zamanin uban, amma launin ya koɗe, mu dai ɓera muke gani. Mukan ce, "Yaya, ɓeran nan naka ya ci abinci kuwa?" Sai ya ce, "Ya ci." Iyakar amsar ke nan, shekara da shekaru.

To kun san yadda ake riƙe ta. Ka zura hannun hagu a zoben tagulla da ke tsakiya har zuwa gwiwar hannu, sannan ka damƙe igiyar da ke bakinta. Da ka yi haka, rabinta ya wuce ka ya leƙa hagu. Wannan rabin ba naka ba ne, na mutumin da ke hagunka ne. Kai kuma damanka, inda mashi yake, a buɗe yake, sai rabin garkuwar na damanka ne zai rufe ka. Haka sahu yake tun daga wancan bakin har wannan, kowa yana cin arzikin maƙwabcinsa. Sai mutum ɗaya tak, na ƙarshen dama. Shi yana rufe wani, ba mai rufe shi.

An ce a manyan birane wannan wurin na sarakuna ne da manya, har faɗa ake yi a kansa. A Felika kuwa, da an zo jera sahu sai ka ga wannan ya tsaya gyara takalmi, wancan tari ya sarƙe shi. Ranar da Minason ya fara fita yaƙi ya iso a makare daga gona, ya tarar wurin ne kaɗai ya rage, ya shiga. Ba wanda ya sake tambayarsa, shi ma bai sake tambayar kowa ba. Ni kuma da na ga irin faɗin kafaɗar nan, na yi wuf na manne a hagunsa, ban ƙara matsawa ba. Ina jin kunyar faɗin haka? Ko kaɗan. Tsoro gare ni, kuma na san kaina.

Sai an je wanka a rafi ake ganin abin mamaki. In ya tuɓe ya juya maka hagu, fata sumul. In ya juya dama, kai! Daga kafaɗa har cinya kamar itacen da mahauci ke sara nama a kai. Tabon mashi, tabon takobi, wani kan wani. Ni kuwa damana ko ƙwarzane babu. Matata ta riƙa yawo a gari tana cewa mijinta gwani ne, ƙarfe ba ya kama shi. Ban taɓa gyara mata zancen ba.

Shi kansa bai ɗauki abin a bakin komai ba. Da an dawo daga yaƙi sai Nikaso ta wanke masa rauni da ruwan inabi, ta ɗaure, ya rataye garkuwa a saman murhu don kada ƙwari su ci itacen, washegari ka gan shi a bayan shanun huɗa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan duka shi ne marmaron Baƙin Dutse, wanda ke kan iyakarmu da mutanen Darkida. In rani ya kai tsakiya duk rafukan tsaunin nan ƙafewa suke yi, shi kaɗai ke zuba. Sau biyu muka yi yaƙi a kansa, muka binne mutum goma sha huɗu, su ma suka binne nasu, ba a raba gardama ba. A shekarar da nake ba ku labari, ruwan sama ya ɗauke da wuri. Awakina saba'in ne a lokacin. In ba marmaron nan, kafin ruwa ya dawo sai dai in tara fatunsu. Rabin garin haka suke, kuma cuku da nono su ne abincin 'ya'yanmu. Minason kuwa ko akuya ɗaya ba shi da ita da ke shan ruwan nan, rijiyarsa ta ishe shi.

Dattawan garuruwan biyu suka ga in aka sake jera sahu ba za a sami masu noma ba. Suka haɗu a bagaden da ke kan iyaka, suka yanka rago, suka rantse da Ziyus, babban allolinmu, cewa kowane gari zai fitar da mutum ɗaya a yi fito-na-fito. Garin da mutuminsa ya faɗi ya bar marmaro har abada.

Sai bayan an rantse muka ji dalilin da ya sa mutanen Darkida suka yi saurin yarda. Ashe wani ɗansu, Sokilidas, ya dawo daga hayin teku, inda ya yi shekara goma yana sojan haya. Ba faɗan sahu ya koyo ba, faɗan mutum da mutum ne sana'arsa. Wanda ya gan shi ya ce 'yar garkuwa yake riƙewa ta saƙar ƙirare da fata, da za ka iya ɗagawa da yatsa biyu, kuma ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Aka taru a dandali. Baba Fanotelis, babban dattijonmu, ya ce, "To, wa zai fita?"

Masu cika baki a wurin shan inabi duk suka sami abin kallo a ƙasa. Ni ma ina cikinsu, kada ku ɗauka ware kaina nake yi.

Can wani daga baya ya ce, "Ai a al'ada na ƙarshen dama ne fuskar gari."

Ka ji fa! Al'adar da ba wanda ya tuna da ita shekara goma sha tara, yau ta faɗo daga sama. Kowa ya juya ya kalli Minason. Ya ɗan sosa gemu ya ce, "Yaushe ne?"

Baba Fanotelis ya ce, "Nan da kwana shida, ɗana."

"To. Zan gama sussuka kafin nan."

Daga nan gardamar garkuwa ta tashi, irin wadda ake yi har yau. Bolon maƙeri ya bi shi har masussuka da wata 'yar ƙarama da ya haɗa, ina biye da shi. Ya ce, "Minason, ka ji tsoron alloli ka ajiye ƙyauren nan. A sahu na yarda, babu kamarta. Amma kai kaɗai? Rabinta iska za ta rufe. Mutumin nan zai zagaya ka sau uku kafin ka juyo sau ɗaya."

Minason ya karɓi ƙaramar, ya ɗaga, ya jujjuya, ya miƙa masa abarsa. "Ji nake kamar na fito tsirara."

Na ce, "Haba Yaya, ka saurari masu sani mana."

Ya ce, "Hannuna bai san wata ba." Ya koma kan sussukarsa.

Nikaso ba ta yi kuka ba, a gabanmu dai. Na same ta a ƙofar gida ta kifa garkuwar a cinya tana sake ɗinke fatar ciki. Na gaishe ta, na fara 'yan kame-kame, cewa gari ba zai manta da wannan ba. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Korudos, awakinka nawa ne yanzu?"

"Saba'in, matar Yaya."

"Madalla. Ni miji ɗaya gare ni."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na yi mata sallama na kama hanya.

Ranar ta zo. Da hantsi muka isa filin da ke gaban marmaro, mu a wannan gefe, su a wancan, aka ja igiya a gaban kowane ɓangare, mai shela ya ce duk wanda ya ƙetare ta kafin a gama, garinsa ya faɗi. Ba a busa sarewa ba, don sarewa ta daidaita takun sahu ce, yau kuwa babu sahu. Sokilidas ya fito da tsalle-tsallensa, ba sulke, sai hular fata, da gajerun masun jifa biyu, da dogon mashi ɗaya. Kyakkyawan mutum, in faɗi gaskiya. Sai Minason ya ɗaga igiya ya shiga, kwalkwali a ka, yana tafiya a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda muke yi in ana busa mana.

Ya tsaya a tsakiyar fili, ya sa ƙafar hagu gaba, ya ɗora bakin garkuwa a kafaɗa. Ya riƙe ta ne yadda ya saba, rabi a kansa, rabi ya leƙa hagu inda babu kowa, damansa kuwa a buɗe tun daga hammata har ƙugu.

Mutanen Darkida suka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Tsoho, wa kake rufewa? Ka zo da fatalwar ubanka ne?" Bolon ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, mun sha ƙasa."

Sokilidas ya jefa na farko. Ƙarar da ta tashi har cikin haƙorana na ji ta. Mashin ya caki tagulla ya lanƙwashe ya faɗi, Minason ko gezau. Sokilidas ya jefa na biyu ƙasa-ƙasa, ya zame a kan doron garkuwar ya tafi can ya kafe a turɓaya. Dariyar wancan gefe ta ragu. Ya ɗauki dogon mashi ya gwada ta hagu, ya gwada ta sama, ya gwada ta ƙasa. Ina! Daga haɓa har gwiwa ba ƙofa, ƙasan gwiwa kuma ƙarfen ƙwauri ne. Duk sukan da ya kawo sai ya goce.

To sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya fara zagayawa ta dama. Ku tuna, duk maƙiyin da ya taɓa zuwa wa Minason, ta nan ya zo. Mu sauran in aka ɓullo mana ta dama ruɗewa muke yi, don ba mu taɓa ganin kowa a can ba sai ɗan'uwa. Shi kuwa nan ne gidansa. Sokilidas ya yi taku biyar, shi ya yi ɗan guntu ɗaya a kan dunduniya, sai ga su fuska da fuska. Ya sake zagayawa, ya sake tarar da shi. Rana ta yi sama, ƙura ta tashi. Garkuwar da ake cewa za ta gajiyar da shi tana zaune a kafaɗarsa, ba hannu ke ɗauke da ita ba. Mai gudun ne ya fara haki.

Na damƙi hannun Bolon na ce, "Tarko ne! Na rantse da Fan, allan makiyaya, tarko ya ɗana masa! Da gangan ya buɗe!" Bolon ya ce, "Kai, mutumin nan ashe maciji ne." Duk ɓangarenmu aka ɗauka, ana ihu ana kiran sunansa.

Amma Sokilidas ba a banza ya ci abincin hayin teku ba. Ya yanki Minason a cinya. Ya sake shigowa, ya doki mashin Minason da gefen 'yar garkuwarsa, ya taka shi da ƙafa, sandar ta karye. Kafin Minason ya kai hannu ga takobi, ya ja da baya taku biyu ya kawo suka da duk ƙarfinsa, ta dama, ƙasan haƙarƙari.

Kowa a filin nan ya ga mashin yana zuwa. Kuma kowa ya ga cewa da Minason ya jawo garkuwar kamu ɗaya kacal zuwa dama, da ta tare shi. Bai jawo ba. Ƙarfen ya shige.

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi tsaye. Bai faɗi ba. Ya sauke hannun dama ya maƙale sandar mashin a jikinsa, ya cusa kafaɗa cikin garkuwa, ya sunkuyar da kai, ya tura. Turin sahu, wanda muke yi mutum takwas a bayan juna, shi ya yi shi kaɗai. Sokilidas ya ja mashi, mashi ya ƙi fita, kuma bai yi saurin saki ba. Garkuwar ta juyo da dukan nauyin mutumin da ke bayanta, 'yar saƙar ƙiraren nan ta ruguje, bakin tagulla ya same shi a ƙasan muƙamuƙi. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya faɗi da baya, Minason ya bi shi ya kifa masa garkuwa a ƙirji ya danne da gwiwa. Ba ka ganin komai na gwanin Darkida sai ƙafafu da hannu ɗaya. Hannun ya yi ta dukan ƙasa, sannan ya ɗaga yatsa sama, alamar ya sallama.

Mai shela ya yi kira. Ba wanda ya yi ihu, mu da su. Mutum wajen ɗari shida, kana jin zubar marmaro. Sai wani tsoho daga cikin dattawan Darkida ya fito, ya tsiyaye ruwan inabi a ƙasa ya ce, "Ruwa naku ne."

Ni na fara isa wurin Minason. Muka ɗaga shi daga kan Sokilidas, wanda 'yan'uwansa suka ja shi da ransa, muka kai shi inuwar dutse a bakin ruwa. Muka cire masa kwalkwali. Mai magani ya duba inda ƙarfen ya shiga, ya kalli Baba Fanotelis, ya girgiza kai. Aka aika a kira Nikaso.

Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, ina kuka ina zuba. "Yaya, wannan dabara! Wannan dabara! Ka buɗe masa dama ya shigo da ƙafarsa. Amma don alloli, da ka ga na ƙarshen nan, me ya hana ka jawo ta ko kaɗan? Ai ya riga ya gaji, da ka same shi ko ba haka."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Wace dabara?"

"Tarkon mana."

Ya miƙo hannun hagu da ƙyar, ya shafa kwiɓina na dama, ya duba tafinsa. Ya ce, "Bai same ka ba ko?"

"Ni? Yaya, ina can bayan igiya! Kai kaɗai ne a fili."

Ya juya kai, yana kallon filin, da igiyar, da taron mutane. Na ga abin yana dawo masa a hankali.

"Af," ya ce. "Haka ne fa." Ya ɗan nisa. "Tun da na tsaya na gyara ƙafa, sai na ji kamar muna sahu. Na ga yana ta neman hanya. Na ce in na jawo ta, ta kanka zai bi." Sai gefen bakinsa ya motsa. "Kai kuma ka san ba ka iya komai ba."

Na ce, "Ban iya ba, Yaya."

"To."

Ya nemi ruwa, na ɗebo masa a kwalkwalinsa. Ya kurɓa sau biyu, ya ce da sanyi. Nikaso ta iso da gudu, gyalenta a hannu, ta same shi da sauran numfashi. Muka ja baya muka ba su wuri. Kafin inuwar dutsen ta gama juyawa ya cika.

Da la'asar aka buɗe hanya, garken Felika suka gangaro daga tsauni, na kowa da kowa, ƙura har sama. Nawa ba mai kora su sai ni, kuma kwana biyu ke nan ba su sha ba. Na kora su. Suka wuce ta gefen inda jininsa bai gama bushewa ba, suna ture juna, suka kafa baki a ruwa. Na tsaya da sanda a hannu ina kuka kamar raina zai fita, har ta ƙarshe ta ƙoshi ta ɗaga kai.